AKUYAR DA AKA ƘWATO DAGA HANNUN ƁARAYI, GIDAN WA ZA TA KWANA?

Godiya ta tabbata ga Allah da ya hore wa ɗan Adam dabbobin gida, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, wanda ya yi wa mutanen Makka kiwo tun ba a aiko shi ba. Bayan haka, akwai wata mas'ala da ke ta aukuwa a ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, mutane na ganinta ƙarama, alhali kuwa hakki ne ke rataye a cikinta. Ita ce mas'alar awakin da aka ƙwato daga ɓarayi, ko aka tsinta suna gararamba, aka rasa mai su.

Asalin maganar sananne ne. Dajin Falgore, wanda hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa, ya daɗe yana zama mafakar ɓarayin dabbobi. A cikin shekarar 2015, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, jami'an tsaro suka shiga dajin suka koro dabbobi masu yawa, Gwamnati ta sa kwamiti na mayar da su ga masu su. A shekarar 2017 kuma soja suka mai da dajin filin horonsu. Lalle abin ya yi sauƙi, amma sata ba ta mutu ba. Hare-haren da aka kai ƙasar Shanono da Tsanyawa a 2025 sun nuna manyan ɓarayin suna nan, ga kuma ƙananan, masu zuwa da babur ko ƙaramar mota da tsakar dare su kwance akuya daga turke. In Allah ya ba 'yan sintiri sa'a suka tare su, sai a wayi gari da awaki biyar ko goma a ƙofar gidan dagaci, ba wanda ya san daga inda aka kwaso su.

A nan ne bambancin saniya da akuya ke bayyana. Mai shanu ya san kowace saniya da sunanta da kamanninta, yana da Arɗo, yana da ƙungiya mai yi masa magana, kuma kuɗin saniya ya isa mutum ya yi tafiyar kwana biyu saboda ita. Akuya kuwa galibi dukiyar mata ce. Ita ce asusun tsohuwa, ita ce kayan ɗakin 'yar da za a aurar, ita ake sayarwa ran da yaro ya kwanta ciwo. Matar da ke cikin kulle a wani ƙauye na Doguwa ba ta jin labarin an kama awaki a Kwanar Dangora, in ma ta ji, kuɗin mota da na abinci da na mai rakiya sai su cinye sulusin akuyar. Saboda haka sai ta dangana. Su kuwa awakin, in an tsare su wuri guda don shaida, ba harawa ba dusa, sai rama ta kama su. Ga kuma annobar nan ta awaki da tumaki mai zuwa da majina da zawo, wadda in ɗaya ta shigo da ita sai ta bi garke duka. Wadda ta tsira daga wannan, sau da yawa sai a nema a rasa, a ce ta mutu, ba kuwa wanda ya ga fatarta.

To, shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Zaidu ɗan Halid, inda aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hukuncin tsintuwa. Ya yi umurni da a kiyaye alamunta, a yi cigiya shekara guda. Ya hana taɓa ɓataccen raƙumi domin yana iya ciyar da kansa har mai shi ya same shi, ya kuwa yarda a ɗauki ɓatacciyar tunkiya ko akuya domin in an bar ta naman daji ne zai cinye. Wasu jahilai sun riƙe rabin wannan magana, suna cewa wai akuyar tsintuwa halal ce ga wanda ya tsinta. Su koma ga Risala ta Ibnu Abi Zaid da Muhtasar na Shehu Halilu, za su tarar an ɗaure izinin ci da sharaɗi, watau a same ta a dokar daji inda babu gari kusa. Wadda aka samu kusa da mutane, kai ta gari ake yi a yi cigiya. Yau kuwa ga kwalta, ga babur, ga waya a aljihun kowa.

Balle ma akuyar sata. Ita sata ba ta fitar da dukiya daga mulkin mai ita, ko da ta bi hannu goma. Wanda ya ƙwato ta ya yi aikin lada, amma abin da ke hannunsa amana ce, ba ganima ba. Kuma 'yan kasuwa su lura da wannan ƙwarai. Wanda ya sayi akuya, mai ita ya zo ya kafa hujja, karɓe abarsa zai yi, shi kuma mai saye ya bi wanda ya sayar masa da kuɗinsa. Saboda haka dillalin da ya karɓi dabba da arha daga baƙon da ba shi da mai tsaya masa, ko a Wudil ran Juma'a ko a 'yar kasuwar ƙauye, ya sani dukiyarsa ya jefa a rijiya.

Saura tambaya, wa zai riƙe dabbar tsawon cigiya, wa zai ci da ita? Malamai sun warware wannan ma. Muhtasar ya ba mai riƙo amfanin da ke fita daga dabbar, kamar nono, amma ya hana shi 'ya'yanta, domin 'ya'ya uwarsu suke bi. In mai ita ya bayyana, zaɓi gare shi, ko ya biya abin da aka kashe wajen ciyar da ita ya tafi da ita, ko ya bar wa mai riƙo. Muwaɗɗa kuma ta kawo cewa zamanin Sayyidina Umar ana barin ɓatattun raƙuma suna yawo suna haihuwa ba mai taɓa su, da zamanin Sayyidina Usman ya zo sai ya sa a yi cigiyarsu, sa'an nan a sayar, a ajiye wa mai su kuɗin. Watau da halin mutane ya sake, sai shugaba ya sake tsari domin dukiya ta tsira.

Al'adar ƙasa ma ba ta rasa hanya ba. Ba da kiwo tsohon abu ne a ƙasar Hausa, Fulani kuma suna da haɓɓanaye, inda mai dukiya ke ara wa maras shi dabba mace har ta haihu, ya riƙe 'ya'yan ya mai da uwar. Gwamnatin Jigawa zamanin Gwamna Badaru Abubakar ta raba wa mata awaki rance, a Kano ma an raba wa mata awaki ƙarƙashin shirin noma da kiwo da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa. Jar akuya wata biyar take ɗaukar ciki, ba wuya ta haifi tagwaye. Ashe ke nan gidajen da za su karɓi akuya da murna suna nan cike da kowace unguwa, Gwamnati na kashe kuɗi tana saya musu, ga wasu awakin na mutuwa a ɗaure don rashin mai kula.

Abin da ya kamata, Allah ne mafi sani, shi ne a haɗa hukuncin littafi da al'adar gari. Da farko duk akuyar da aka ƙwato ko aka tsinta a kai ta gaban dagaci, a rubuta launinta da shaidar kunnenta da ranar da aka same ta, liman da sarkin pawa su zama shaidu. Na biyu a ware ta daga sauran dabbobi 'yan makonni, malamin dabbobi ya duba ta ya yi mata allura. Na uku a yi cigiya inda masu awaki ke ji, watau masallatan Juma'a da kasuwannin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da gidan rediyo, a kuma gaya wa ungozoma da masu tallan fura, domin su ke shiga inda sanƙira ba ya shiga. Kada mai cigiya ya faɗi alamun dabbar duka, a bar mai nema ya faɗa da bakinsa. Na huɗu a danƙa ta ga matar da mijinta ya rasu ko tsohuwa mai riƙon marayu, wadda aka san ta da kiwo, ta sha nono, ta kwashe taki ta kai gona, a riƙa rubuta abin da ta kashe. In shekara ta cika ba wanda ya zo, alƙali ya sa a yi wa dabbar kuɗi, ko a sayar a ajiye, ko a yi sadaka da ita ga wadda ta yi wahalarta da niyyar ladan ya tafi ga mai ita, bisa sharaɗin in ya bayyana bai yarda ba a biya shi.

Mai hankali zai ce, in aka bar rabo a hannun masu gari, ba kura aka ba ajiyar nama ba? Tsoron yana da wuri. Maganinsa shi ne a hana dagaci da 'yan sintiri da iyalansu karɓar riƙo, a karanta sunayen masu riƙo a bainar jama'a bayan salla, wadda kuma ta ce akuya ta mutu ta kawo fata da kunne. Kada kuma a yi wa mai riƙo alkawarin rabin 'ya'ya a matsayin lada, domin malaman Malikiyya ba su yarda da ijara a kan abin da ba a san zai samu ko ba zai samu ba. In mai akuya ya zo ya ga an kyautata wa dabbarsa, ya ba da ɗa guda don jin daɗinsa, wannan kyauta ce, ba mai hana shi.

Malamai su karantar da babin tsintuwa a zaure kamar yadda suke karantar da babin tsarki, 'yan kasuwa su daina sayen abin da ba su san asalinsa ba, masu gari su buɗe littafi. Dabbar da aka ɗaure ta mutu da yunwa za a tambayi wanda ya ɗaure ta, tsohuwar da aka cinye wa akuya kuma tana da ranar da za ta tsaya ta nemi hakkinta. Allah ya kiyashe mu da cin amana, ya mayar wa kowane mai ɓata da abinsa, amin.