Kafin ku yaga kayyen yaron nan

Tun ranar da munka yi hira a kan yaran da ke zana katun a waya da cikin littattafan lakwal, saƙonni ba su daina shigowa ba, kuma yawanci faɗa ne. Wani daga Arlit ya ce mun ɗaure wa shiririta gindi. Wani uba a nan Tchiro ya ce ya tarar ɗansa ya cika kusurwoyin kayyen lissafi da Naruto, nan take ya yayyaga shi. To, mun ji. Amma ba mu janye maganarmu ba.

Baba, da ka kama gefen kayyen da babban yatsa ka saki shafukan da sauri, da ka ga mutum yana gudu a kan takarda. Fim ɗin silima hoto 24 ne ke wucewa cikin daƙiƙa guda. Masu katun sau da yawa suna zana 12, kowane a nuna shi sau biyu. Ke nan minti ɗaya rak yana cin zane 720. Kuma yawan ba shi ne wahalar ba. Sai mai zane ya san cewa mai tsalle yana durƙusawa tukuna, mai naushi yana jan hannu baya kafin ya kai, kuma in mutum ya tsaya cak, rigarsa ba ta tsayawa tare da shi, sai ta ɗan wuce ta dawo. In an manta da ɗaya daga cikin waɗannan, ko jariri zai ga zanen ya sandare. Yaron da ya gano haka da bik ɗinsa, ba mushen da ya koya masa, shi za a ce wa malalaci?

Sai masu cewa ai wannan al'adar Japanawa ce, ba tamu ba. Haba! Kun manta da Moustapha Alassane? Ɗan Nijar ne, an haife shi a 1942, ya rasu a 2015, ya daɗe zaune a Tawa. Ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren, ya dawo gida. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, inda shugaban ƙasar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki da dukan tsarabe-tsarabenta, kowa ya gane da wa ake. Daga baya ya yi Kokoa: ƴan tsana ya jera a filin kokawa, ya gusa su kaɗan ya ɗauki hoto, ya sake gusawa, har sunka yi kokawa irin tamu. Mu da munka yi lise da Faransanci, ba mu tuna ranar da anka ambaci sunansa a aji ba. Wannan abin kunya namu ne, mu manya. Su yaran abin da waya ta kawo musu shi sunka gani.

Karatu kam dole ne, ba mu ce a bar lissafi ba. Kayyen lissafi na lissafi ne. A saya wa yaro wani daban mana, nawa yake?

Ku ma samari, akwai taku. Bidiyon da kunka turo mun kalla, kusan duka Goku ne da Naruto, gashi tsaye, hannuwa a baya. Kwaikwayo ba laifi ba ne, da shi ake fara koyo. Amma a cikinku wa ya tsaya ya kalli raƙumi da kyau? Ƙafar gaba da ta baya na gefe guda yake ɗagawa tare, shi ya sa mahayi ke rangaji. Jaki ba haka yake sukuwa ba. Ku dubi mai haɗa shayi yadda yake ɗaga buta sama ba ya zubarwa, ko rawani in iskar hunturu ta buge shi. A Dabous, kan hanyar Arlit, mutanen da sunka sassaƙa raƙuman dawa a dutse shekaru dubbai da sunka wuce, dabbar da ke gabansu sunka kalla.

Wanda ya fara zana raƙumi yana tashi daga guiwa, baya tukuna sannan gaba, ko na daƙiƙa 5 ne, ya turo mana a wannan shafi. Za mu sa shi, mu kuma gayyaci babansa ya zo mu kalla tare.