Falsafa ba kafirci ba ce, jama'a

Duk wanda ya ce zai karanta falsafa a jami'a, tambaya biyu ake jefa masa: "Me za ka ci da ita?" da "Ba ka tsoron imaninka?" Ta farkon na gane, aiki ya yi wuya. Ta biyun ce ke ba ni haushi.

Mu 'yan Maiduguri wa zai gaya mana illar rashin tambaya? A garin nan aka tara matasa aka ce musu boko haramun ne, har masu digiri suka yayyaga takardunsu. Da sun saba cewa "Malam, ina hujjarka?", wallahi da wasunsu na raye. Tun 2009 muke ɗanɗana kuɗarmu, mu na Bulumkutu ba labari aka ba mu ba.

Kuma ba Bature ya kawo mana ita ba. Al-Maghili, da ya zauna Kano zamanin Sarki Rumfa, shi ya kare ilimin manɗiƙi da Suyuɗi ya haramta shi. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, ya yi rubuce-rubuce kan falsafa. Shehu Laminu na Borno da Muhammadu Bello, ana tsaka da yaƙi ma, wasiƙun hujja suka riƙa aika wa juna.

Mu fa? Kwas ɗin falsafa na GST sai daren jarrabawa mu haddace, mu zuba, mu manta. Ƙannena, don Allah ku shiga ajin nan, ku zauna gaba, ku yi tambaya. Wanda ya iya auna magana, da wuya a ja shi daji.