Itacen Wilo Ba Na Tsakar Gidanmu Ba Ne

Duk ma'aikacin da ya je kwas Ingila, ko ɗalibin da ya yi karatu can, da wuya bai ga itacen nan da Turawa ke kira wilo ba, tsaye a bakin kogi, rassansa sun zubo har suna taɓa ruwa. Lalle yana da ban sha'awa, shi ya sa waɗansu kan yi marmarin su ƙawata gidajensu da shi bayan sun komo. To, a ganina wannan sha'awa ba ta dace da mu ba.

Asalin mai zubabbun rassan nan daga ƙasar Sin yake, ko da yake masanin tsirrai Linnaeus, da ya raɗa masa suna a 1753, ya jingina shi ga Babila. Dashensa ba wuya, reshe kawai za a sara a kafa cikin damshi, sai ya yi saiwa. Yana da amfani kuma, don daga ɓawonsa aka fara samun sinadarin da ya kai ga ƙwayar asfirin.

Amma fa itace ne mai ƙishirwa ƙwarai. Saiwoyinsa sukan bi damshi duk inda yake, su kutsa cikin bututu ta wurin tsaga, su toshe magudana. Har a Ingila mai yawan ruwa, akan gargaɗi mutane su nisanta shi daga gini. Ostireliya kuwa, inda aka dasa shi da yawa a bakin rafuka, a 1999 sai da ta sa yawancin ire-irensa cikin jerin tsirrai masu ɓarna. To, ina ga Kano ko Sakkwato, inda akan yi wata bakwai ba ɗigon ruwan sama? Mai gida zai riƙa tuttula masa ruwan famfo ke nan, alhali maƙwabtansa na layi da jarka.

Kada mai karatu ya ɗauka baƙuntarsa nake ƙi. Ai darbejiya ma baƙuwa ce, daga wajen Indiya aka kawo ta, ga ta nan ta lulluɓe titunan Maiduguri da inuwa ba tare da an bi ta da bokiti ba bayan ta kama. Wanda ke da fili a gidansa, ga tsamiya, ga maɗaci, ga mangwaro. Ya kamata gandunan renon itatuwa na Gwamnati su riƙa gaya wa masu zuwa neman dashe yawan ruwan da kowane iri ke bukata tun kafin su ɗauka.