Kore Mairuwa: tsakanin pampas da ƙyallen wanki, wanne ya fi wa mai jego sauƙi?

Duk wanda ya tsaya a Kore Mairuwa kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso ta nufi Dogon Dutsi zai ga abu ɗaya a rataye a kusan kowane shago: ƙunzugun jarirai na yarwa, wanda kowa ke kira pampas ko wane kamfani ne ya yi shi, masu jin faransanci kuma su ce kush. Ana saida shi da fakiti, ana kuma saida shi ɗaya-ɗaya kamar dunƙulen magi. Shekarun baya kayan matan ma'aikata ne a birni. Yau ya shiga kayan barka da kayan suna har cikin ƙauyukan Arewa.

Sai dai tun daga 2023 lissafin gida ya canza, kuma tambayar da ta kamata a yi ita ce: ko lokaci ya yi da za a waiwayi ƙyallen da ake wankewa a sake ɗaurawa? Amsar tana da alaƙa da kuɗi, da ruwa, da lafiyar yaro, da kuma wanda zai sunkuya ya yi wankin.

Me ya sa pampas ya samu shiga

Kafin a zargi mata da son jiki, ya kamata a gane abin da ya ja su. Mace a nan goya ɗanta take yi ta tafi gona, ta tafi rijiya, ta tafi kasuwa. Idan yaro ya yi fitsari ko kashi a bayanta, zanenta da majanyinta sun ɓaci, sai ta sake tufa kafin ta yi salla. Da dare kuma tabarma ko katifa ce ke jiƙewa. Pampas ya raba ta da wannan wahala, ya ba ta damar zuwa biki ko awo a likita ba tare da fargabar jin kunya cikin mutane ba. Tsumman da kakanni suka yi amfani da shi bai taɓa yin wannan ba, domin ba ya riƙe ruwa. Duk wanda zai kawo maganar komawa ga ƙyalle dole ya fara da amsa wannan buƙata, in ba haka ba babu mai saurarensa.

Lissafin aljihu

Mu ɗauka ana saida guda ɗaya dala ashirin, wato sefa 100. Jariri sabon haihuwa yakan buƙaci canji sau takwas ko fiye a wuni, amma mu rage mu ce sau biyar. Jika goma sha biyar ke nan a wata, sefa 182,500 a shekara. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tanada a Nijar tun Janairun 2024 sefa 42,000 ne a wata. Ke nan ƙunzugun yaro ɗaya zai iya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na wannan albashi. Manomin Kore Mairuwa kuwa ba shi da albashi ko kaɗan; abin da ya samu a damina na hatsi da wake da gyaɗa, da ɗan abin da lambu ko cirani ya kawo, shi zai kai shi wata kaka.

Ga kuma yawan haihuwa. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa 6.2 a matsakaici, bayan 7.6 da aka samu a 2012. A gida mai mata biyu ko uku, da wuya a wayi gari babu mai goyo.

Tunda kuɗin bai isa ba, dabarar da ake yi sananniya ce: a bar guda ɗaya a jikin yaro tun safe har la'asar, ko tun magariba har hantsi. A zafin watan Afrilu, fitsari da zufa cikin leda na tsawon sa'o'i su ke dafa fatar jariri, ta yi ja, ta saɓule, ƙuraje su fito. Daga nan sai likita. Gaskiya ne tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, kuma daga Satumban 2024 gwamnati ta rage kuɗin asibiti da rabi, amma kuɗin kabu-kabu da wunin da aka rasa babu mai biya wa uwa.

Kaya ne na waje, hanyarsa kuma ta yi nisa

Pampas kayan shigowa ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta rufe iyakoki, kuma ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris, gadar da ta haɗa Gaya da Malanville ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar. Kayan da a da ke sauka Kwatano su ratsa jahar Dosso cikin ƴan kwanaki, yanzu sai sun sauka Lome sun zagayo ta Burkina Faso da rakiyar soja. Kowane kwana da mota ta ƙara a hanya, mai saye ne ke biya.

Ta ɓangaren Nijeriya, inda ƴan kasuwar Arewa ke saro kaya ta jihar Kebbi, nan ma an samu sauyi. A Disamban 2023 kamfanin Procter & Gamble, mai Pampers, ya sanar da daina sarrafa kaya a Nijeriya. A 2024 Kimberly-Clark, mai Huggies, ya rufe masana'antarsa ta Ikorodu kusa da Legas. Wasu kamfanonin, kamar mai yin Molfix, suna nan suna aiki, kuma faɗuwar naira ta kan sa kayan can su yi wa mai sefa sauƙi. Amma darasin a fili yake: iyalin da ya dogara ga pampas kaɗai ya ɗaura kwanciyar hankalin ɗansa ga farashin canji da halin iyaka, abubuwan da ba shi da iko a kansu.

Ina yake zuwa bayan an cire shi?

Garin yana cikin Dallol Mawri, kwarin da ruwansa ke kusa da ƙasa, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2004. Wannan kusancin ruwa shi ne arzikin masu lambu, shi ne kuma hatsarin. Ƙunzugun yarwa leda ne da wani sinadari mai shanye ruwa ya kumbura. Ba ya ruɓewa kamar tsumma. A ƙauye babu motar shara. Ana jefa shi bayan gida ko juji, karnuka su yaga, awaki da shanu su tauna, iska ta kai shi gona, ruwan sama ya kwashe shi zuwa tabki da bakin rijiya. In an jefa a salanga ya cika ta da wuri. In an ƙona, hayaƙin leda ne yara ke shaƙa.

Kuma ba ledar kaɗai ba ce matsala. Mutane da yawa suna ɗaukar kashin jariri ba shi da illa, alhali masana lafiya sun daɗe suna gargaɗin cewa yana ɗauke da ƙwayoyin zawo ko fiye da na babba. A ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na jama'a ke bahaya a fili, wadda ta yi fama da kwalara a 2021 da ambaliyar 2024 da ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya da rabi, kowane pampas da aka yar a waje ƙarin hanya ce ga cuta. Nijar tana da dokar hana leda tun Nuwamban 2014, amma duk wanda ya dubi itatuwan bakin hanya ya san inda aikinta ya tsaya.

A ƙasashen da suka fara wannan kaya ma ana sake tunani. A Janairun 2019 hukumar ANSES ta Faransa ta ce ta gano sinadarai masu hatsari a wasu ƙunzugun yarwa, ta nemi kamfanoni su gyara. A Ingila, binciken da gwamnati ta fitar a 2023 ya nuna na wanki ya fi na yarwa ƙarancin hayaƙi mai ɗumama duniya da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, duk da can da inji da lantarki ake wanki. A nan hannu ne da rana.

Ƙyallen wanki: yadda ake farawa

Abin da ake magana a kai ba tsumman tsohon zane ba ne kawai. Kashi biyu ne: ƙyallen auduga mai shan ruwa a ciki, da ɗan wando mai hana yoyo a waje. Mai shirin haihuwa tana iya tanadar ƙyalle 15 zuwa 20 da wanduna uku ko huɗu. Tawul mai laushi ko farin yadin auduga, sabo ko na gwanjo, ya wadatar. Tela ya yanka shi murabba'i ya dunƙule bakin. Yadin roba ba ya shan fitsari, kada a yi asarar kuɗi a kansa. A wanke sabon ƙyalle sau biyu ko uku kafin a fara ɗaurawa, domin sai ya sha wanki yake shan ruwa sosai.

Ƙa'idojin ba su da yawa. A canza da zarar ya jiƙe, kada a wuce awa biyu zuwa uku da rana. A kankare kashin a zuba a salanga, a ɗauraye, a ajiye a bokiti mai murfi da aka ware don wannan aiki kaɗai. A wanke kullum da sabulu, a ɗauraye har kumfa ta fita, domin ragowar omo ko jabel na cin fatar yaro. A shanya a igiya cikin rana, ba a ƙasa ko kan darni ba. Da damina, idan bai bushe sarai ba, a bi shi da dutsen guga. Ruwan wankin a zuba shi a salanga ko rami, nesa da rijiya. Sannan a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa nono ko abinci. Ɗan man kaɗe a jikin yaro yana kare fata, haka ma barinsa ya sha iska ba komai na ɗan lokaci.

Ba dole ba ne a yi watsi da pampas gaba ɗaya. Iyali na iya ɗaura ƙyalle a gida, su ajiye na yarwa don tafiya, ranar awo, ko daren da yaro ke zawo. Ko sau ɗaya a wuni aka koma saye maimakon biyar, jika goma sha biyu ta tsira a wata bisa lissafin da muka yi. Kuma ƙyallen da aka kula da shi zai yi wa ƙane ko ƙanwa. Ga kuma dabarar iyaye mata ta ɗora yaro bisa ƙafa ko fo tun yana ƴan watanni, wadda ke rage wanki ƙwarai, wadda kuma pampas ke neman kashewa.

Inda gizo ke saƙar

Ƙyalle yana da nasa farashin, kuma mace ce ke biya da ƙarfinta. Wanki na son ruwa da sabulu da lokaci. A unguwar da ke da famfo ko rijiya kusa abin da sauƙi. A ƙauyukan tudu da ke nesa da kwarin, inda ake jan guga mai nisa ko a sayi bido, ƙarin ruwan wanki ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga mai jego da ke wankan ruwan zafi safe da yamma. Idan maigida ya daina sayen pampas ya sa kuɗin aljihu, bai kawo sabulu ba, bai biya ɗan garuwa ba, to wahala ce kawai ya mayar wa matarsa. Ƙyallen da ba a wanke da kyau ba kuwa ya fi pampas cutarwa.

Matsala ta biyu kuɗin farko ne. Pampas ana sayensa dala ashirin-ashirin, ƙyalle kuwa sai an tara an saya lokaci guda. A nan ne asusun mata zai yi aiki. Tsarin Mata Masu Dubara da ya faro a jahar Maradi a 1991 ya nuna abin da zubin mako-mako ke iya yi. Haka ma kayan barka: ƴan uwa da ƙawaye da ke kawo fakitin da zai ƙare cikin sati za su iya haɗa kuɗi su ɗinka abin da zai kai yaye.

Abin da ya rage ga hukumomi

Ma'aikatar magajin gari da jami'an lafiya suna da rawar da ba ta buƙatar manyan kuɗi. Unguwarzoma da ma'aikatan awon ciki za su iya nuna yadda ake naɗewa da wankewa, kamar yadda suke koyar da shayarwa. Cibiyoyin koyon sana'a da telolin gari za su iya koyon ɗinkin wandon, wanda shi ne ɓangaren da ya fi wuyar samu a kasuwannin karkara. Kuɗin da ke tafiya waje sai ya tsaya a gari. Ga masu ci gaba da amfani da na yarwa kuma, ya kamata a faɗa musu a fili, a rediyo da wuraren taro, cewa a zubar da kashin a salanga, a ƙulle sauran, a binne nesa da ruwa.

Babu dokar da za ta raba mace da pampas muddin babu abin da zai kare mata zane da barcin dare. Amma idan aka samu ƙyalle mai kyau, ruwa kusa, da miji mai sayen sabulu, mai jegon Kore Mairuwa za ta yi lissafinta da kanta, kuma ta fi kowa iya shi.