An cire a albashinka, amma ya isa asusu?

Ɗan'uwa ma'aikaci na Abalessa, ɗauko takardar albashinka ka duba. Kowane wata ana cire maka kashi 9 cikin 100 da sunan CNAS. In albashinka dinari 40,000 ne, dinari 3,600 ke nan sun tafi tun kuɗin bai taɓa hannunka ba. Kai ba a taɓa yi maka jinkiri ko na kwana ɗaya. To shi ubangidan naka, yaushe yake kai kuɗin?

Dokar 1983 ta raba su gida biyu. Mai ma'aikata 10 ko fiye yana biya wata-wata. Wanda ma'aikatansa ba su kai 10 ba yana biya sau ɗaya a wata uku, kuma yana da ƙarin kwana 30. Yi lissafi: abin da aka cire maka a Janairu zai iya kwana a aljihun wani har ƙarshen Afrilu, kuma bai karya doka ba. Mu nan kuwa, kamfani nawa ne ke da ma'aikata 10? Ɗan kwangilar gini ne, mai babbar mota ɗaya ko biyu da ke bin hanyar Tamanrasat zuwa In Gezzam, mai kai baƙi kabarin Tin Hinan a lokacin sanyi. Aikin wata uku sai ya ƙare, mai kwangila ya kwashe kayansa ya koma arewa, ranar biyan farko ba ta ma zo ba. Wa za ka bi?

Kada a ruɗe ka da cewa kuɗin na taruwa a wani asusu mai sunanka. A Aljeriya kuɗin ma'aikacin yau ake biyan tsohon yau da shi. Abin da kake tarawa a CNR shekaru ne, kuma kowace shekara da aka rubuta maka tana ba ka kashi 2.5 cikin 100 na albashin da za a yi lissafi da shi. A albashin 40,000, shekara ɗaya da ta ɓace dinari 1,000 ne duk wata, har ƙarshen rayuwa. Shekara uku, 3,000. In shekarun ba su kai 15 ba, babu cikakken fansho sam. Da yawa ba sa ganin ramin sai sun kai shekara 60, lokacin da mai kamfanin ya rasu ko kamfanin ya daɗe da rufewa.

Dubi yadda hukuma ke auna mu. A ƙarshen 2016 aka soke damar yin ritaya bayan shekara 32 na aiki ba tare da jiran cikar shekarun haihuwa ba, aka ce asusu ya rame. A Agustan 2021 kuma aka fito da doka mai yafe tarar jinkiri ga iyayen gida da ake bi bashin kuɗin. Za a ce annobar korona ce ta karya kasuwa, kuma da gaskiya a ciki. Amma ma'aikaci ma ya sha korona, ba wanda ya yafe masa kashi 9 ɗinsa.

Abin da muke nema ba shi da wuya. Kowa ya biya wata-wata, babba da ƙarami. Saƙo ya shigo wayar ma'aikaci ranar da kuɗinsa ya shiga. Kada gwamnati ta biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe sai an ga sunan kowane lebura a rajista. Masu bincike su riƙa zuwa Abalessa da Silet, ba talaka ne zai yi ta cin kilomita 80 zuwa Tamanrasat don takarda ɗaya ba.

Kafin nan, 'yar'uwa da ɗan'uwa, ku adana takardun albashinku, ko da tsofaffi ne. Doka ta ba ubangida kwana 10 ya yi muku rajista bayan ya ɗauke ku; ku nemi shaidar. Ku karɓo lissafin shekarunku daga CNR tun yanzu. Wanda kuma ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi a gaban jama'a ko zai goyi bayan biyan wata-wata a majalisa.