Ladan Sabon Direban Tirela: A San Shi Tun Kafin A Ta Da Mota

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Dawanau ya ga yadda ake loda wa tireloli buhunan masara da wake da riɗi, ko kuwa ya bi ta Tafa da tsakar dare ya ga manyan motoci jere a gefen titi, direbobinsu kwance bisa tabarmi a ƙarƙashin bodi, lalle zai shaida cewa hatsin da Kudu ke ci, da man da Arewa ke sha, da simintin da ake gini da shi ko'ina, dukkansu a wuyan waɗannan bayin Allah suke rataye. Amma duk da girman wannan hidima, da wuya ka ji ana tambayar abin da saurayi ke komawa gida da shi a shekararsa ta farko bisa sitiyari, alhali kuwa ita ce shekarar da ta fi kowace tsanani a kansa.

Galibi ba a zama direban babbar mota sai an yi yaron mota, an shekara da shekaru ana wanki, ana ɗaure tamfol, ana sauya taya cikin rana da ruwa, ana gadin kaya sa'ad da maigida ke barci, har Allah Ya kawo ranar da za a sami lasin mai daraja ta G, wanda ake bayarwa don jan irin waɗannan motoci. Ran da aka miƙa wa yaro makulli, 'yan'uwa sukan ɗauka arziki ya sauka, buƙatu su yi ta zuwa, tun shi kansa bai san nawa zai samu a wata ba.

A manyan kamfanoni akwai albashi rubutacce da kuɗin tafiya sananne. Amma a wurin masu mota ɗaya ko biyu, sau da yawa kuɗin hanya ake danƙa wa direba a dunƙule, a ciki zai ci abinci shi da yaronsa, ya yanki tikitin ƙungiya, ya sallami masu shingaye, ya biya mai faci da bakanike, abin da ya yi saura shi ne rabonsa, in ya yi saura. Sabon shiga kuwa shi ake ba tsohuwar mota wadda ba ta rabuwa da gareji, shi ne ba ya da sanayya a wurin masu ba da lodi, shi ne zai yi kwana da kwanaki a layin Apapa ko a daffo yana cin guzurinsa ba a lissafa masa kwanakin jira, in kuma aka sauke kaya aka ga sun yi giɓi, daga haƙƙinsa za a cire. Gwamnatin Tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, sai dai dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, saboda haka direban ƙaramin attajiri ba ya cikin inuwarta.

Daga Kano zuwa Legas tafiya ce ta wajen kilomita 1,000, ta Kaduna da Mokwa, a haye kogin Kwara a Jebba, a bi Ilorin da Ibadan, kuma wanda ya mai da wannan hanya gidansa, sallarsa ƙasaru ce, wankansa a gidan mai, abincinsa a teburin mai shayi, iyalinsa kuwa sai a waya. Idan aka haɗa wannan mashaƙƙa da ladan da ba a san iyakarsa ba, sai shaiɗan ya sami ƙofa: wani ya tsiyayi man motar ya sayar, wani ya ɗora fasinjoji bisa kaya, wani ya haɗiyi tiramadol don ya kori barci ya ƙara sawu ɗaya. Ba na wanke wanda ya ci amana, domin ha'inci ha'inci ne ko a bisa wane uzuri, amma wanda ya bar ma'aikacinsa cikin duhu game da haƙƙinsa yana da nasa kaso na alhakin rayukan da ke salwanta a kan titi.

Masu motoci za su ce man dizal da tayoyi da kayan gyara sun yi tashin gwauron zabo, kuma danƙa wa sabon hannu dukiya mai yawa kasada ce. Wannan gaskiya ce, kuma babu mai hankalin da zai ce a daidaita ladan ɗan koyo da na wanda ya yi shekara ashirin a hanya. Abin da nake nema shi ne ladan, komai ƙanƙantarsa, ya zama ma'alumi, kamar yadda malamanmu na mazhabar Malikiyya suka sharɗanta a babin ijara, cewa a san aikin, a san ujurar, a kawar da jahilci da garari tun a wurin ƙulla alkawari.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyar masu motoci ta NARTO, da ta direbobi NURTW, da reshen direbobin tanka na NUPENG, su fito da takardar yarjejeniya gajeruwa, da Hausa da Turanci, wadda za ta bayyana albashin wata, da kuɗin kowane sawu, da ladan kwanakin jira, da wanda zai ɗauki asara in mota ta lalace, da kwanakin da direba zai huta a gidansa. Shi kuma saurayi, kada zumuɗin riƙe makulli ya hana shi tambaya, ya kira shaidu biyu, ya riƙa rubuta abin da ya karɓa da abin da ya kashe, domin neman sanin haƙƙi ba rashin ladabi ba ne, kuma maigidan kirki ba zai ƙi a rubuta abin da ya yi niyyar cikawa ba.