Filin Maigida: Kafin Ka Sayi Tayar Gwanjo

Kaka ta yi, motoci kuma sun shiga wahala. Daga Funtua zuwa Bakori har Malumfashi, ko hanyar Dandume ran kasuwa, ba abin da kake gani sai ƙananan motoci da akori-kura sun yi lodin masara da dawa da waken suya har bayansu yana neman taɓa ƙasa. A wannan lokaci ne manomi yake samun 'yan kuɗi a hannu, ya ce bari ya canja wa motarsa taya. In ya ji kuɗin sabuwa sai ya juya wajen ta gwanjo, wadda ake kira 'yar Beljiyam. A kan wannan ciniki za mu yi magana a watan nan, gama rayukan iyali a kan tayoyin nan huɗu suke tafiya.

Da, ana yin taya a ƙasarmu. Amma kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yi a Ikeja a 2008. Tun daga sa'an nan muka dogara ga na waje. Ku sani kuwa, tsohuwar taya tana cikin kayan da Kwastan ta hana shigowa da su, saboda haka mai yawa ta ɓarauniyar hanya take zuwa. Akan cusa uku ko huɗu cikin juna don a rage wuri, wannan kuwa yana karya wayar da ke ciki tun ba a ɗaura ta ba. Abin da ya fi dai shi ne sabuwa, ko da biyu ce bana, biyu baɗi. Amma in ya zama dole, ga abin da za ka duba.

Na fari, shekarunta. Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefe. Nemi haruffan DOT, ka bi su har lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019, watau farkon watan Yuni. In lambobi uku ka gani, an yi ta kafin shekarar 2000, kada ma ka taya. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗi cewa taya ta tsufa in ta shekara 4. Kamfanin Michelin kuwa ya ce daga shekara 5 a riƙa kai ta a duba kowace shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da zanenta yana da kyau. Roba takan bushe ko a ɗaki aka ajiye ta. In ka ga an kankare wurin lambar, mai kayan yana da abin ɓoyewa.

Na biyu, ƙasar da aka yi ta dominta. A Jamus da sauran ƙasashen sanyi akwai tayar da ake ɗaurawa don ƙanƙara. Robarta taushi gare ta, an shirya ta don sanyin da bai kai digiri 7 ba. Za ka gane ta da hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, da ƙananan tsage-tsage da yawa a zanenta. Haƙoranta manya ne, shi ya sa take burge mai saye. Amma a kan kwaltar watan Afrilu sai ta cinye da sauri, birki kuma ba ya kama ta sosai.

Na uku, zane. Sabuwar taya zurfin zanenta wajen milimita 8 ne, dokar Turai kuwa ta hana tafiya da wadda ta gaza 1.6. Cikin ramin zanen akwai 'yan tudu da aka sa don alama. In zanen ya yi daidai da su, tayar ta ƙare. Yi lissafi da kanka. Sabuwa tana da milimita 6.4 da za ka mora. Ta gwanjo mai 4 saura 2.4 ke nan, watau kashi ɗaya cikin uku da 'yan kai. In ka biya rabin kuɗin sabuwa, wa ya ci riba? Araha ba ta ado. Ka lura kuma da tayar da ta suɗe aka sake yanka mata zane da wuƙa mai zafi, aka shafa mata baƙin mai tana sheƙi. Bakin irin wannan zane kaifi gare shi, layinsa ba ya tafiya daidai, wani lokaci har waya tana leƙowa.

Na huɗu, kada ka saya tana tsaye a jere. Ɗauke ta ka fita da ita rana. Sa hannu ka shafa cikinta duka, ka ƙirga faci. Faci ɗaya a tsakiyar zane ba laifi in an yi shi da kyau, amma faci a gefe ba ya riƙewa. Danna gefen ka ga ko ya yi faso kamar ƙafar manomi da hunturu. Sa'an nan ka sa mai faci ya ɗaura ta a wili, ya ba ta iska, ya zuba ruwan sabulu, kana tsaye. In wani wuri ya kumbura kamar ƙwai, zaren ciki ya tsinke. Irinta ce take fashewa ba sallama.

Na biyar, nauyi. Bayan lambar girman taya akwai wata lamba, misali 175/70 R13 82T. Wannan 82 ma'anarta kilo 475 ne iyakar abin da tayar za ta ɗauka. 91 kuwa kilo 615. Huɗu masu 82 sun tashi kilo 1,900. Ƙaramar mota irin Golf ita kanta tana da kilo 1,000 ko fiye. To, in an ɗora mata buhu 8 na masara mai kilo 100, ga direba, ga mai kaya, ga yaron mota, an ƙetare iyaka, tayoyin baya kuwa su ne suke shan yawancin nauyin. Bas da akori-kura tayarsu mai harafin C ce, kada a sa musu ta ƙaramar mota.

Akwai wata al'ada da ya kamata a bari. Wadansu direbobi sukan rage iska da bazara, wai don kada zafi ya fasa taya. Gaskiyar ita ce, tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ta fi lanƙwasa, ta fi yin zafi, ta fi saurin fashewa. Auna iska da safe kafin a tashi, bisa ga lambar da ke rubuce a jikin ƙofar direba. In biyu kaɗai ka saya, ɗaura masu kyan a baya, gama in bayan mota ya zame ba direban da zai iya riƙe ta. Kada ka manta da safaya. Kowa ya san halin da wadansu hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan. Ba wanda yake so ya tsaya neman mai faci a daji bayan faɗuwar rana.

Uwargida, ke ma da naki. Ke da yara kuke zama a bayan motar nan, ba laifi ki tambayi maigida shekarar da ke jikin tayarsa. Ku masu sayarwa kuma, faɗin aibin kaya ba ya rage arziki. Wanda ya shafa wa ruɓaɓɓiyar taya mai ya sayar, yana da hannu cikin abin da zai faru a hanya.

Mutane sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma su ne kuma suka ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Allah ya kiyaye hanya, sai wata mai zuwa.